Darasi: Ƙwallon Kwando, Asalinsa da Dokokinsa da Yadda Ake Koyonsa

Wanda ya taso da ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara tsayawa kallon ƙwallon kwando yakan rikice. Ga mutum goma a ɗan ƙaramin fili suna kai da komo, alƙalin wasa yana ta busa usur, ba a ga wanda ya faɗi ba, ba a ga wanda aka yi wa ƙeta ba, sai kawai a karɓe ƙwallo daga wannan a ba wancan. Da yawa daga nan suke juya baya, su ce dokokin wasan sun yi yawa, ko su ce ai wasan dogaye ne. A wannan darasi za mu bi wasan tun daga tushe, domin kusan kowace doka da ke cikinsa wata matsala ce aka fuskanta aka nemo mata magani. Idan kuka san matsalar, ba sai kun yi haddar dokar ba, da kanta za ta zauna muku.

Yadda aka faro

Dambe da kokawa da langa gadonsu muka yi, ba wanda zai ce ga wanda ya ƙirƙiro su. Ƙwallon kwando kuwa an san mutumin, an san garin, an san watan. A Disambar 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka, akwai wata makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar matasa ta YMCA. Hunturun can ba irin namu ba ne. Dusar ƙanƙara ce take rufe filaye wata da watanni, babu halin wasa a waje. Ɗaliban, waɗanda samari ne majiya ƙarfi, suka gundura da atisayen cikin zaure. Shugaban sashen motsa jiki, Dokta Luther Gulick, ya ɗora wa wani malami ɗan ƙasar Kanada mai shekara 30, James Naismith, nauyin samo wasan da za a iya yi a cikin ɗaki, ya ba shi mako biyu.

Abin da ya fi damun Naismith shi ne jin rauni. Daɓen zauren katako ne, bango yana kusa, idan aka shigo da wasan ture-ture sai an karya wani. Ya zauna ya yi nazarin abin da ke kawo kokawa a wasannin ƙwallo, sai ya lura cewa gudun da mutum ke yi da ƙwallo a hannu shi ke sa a bi shi a kayar. Idan aka hana gudu da ƙwallo, dalilin kayarwa ya kau. Sannan ya ga cewa ragar da ke tsaye a ƙasa tana sa a yi harbi da ƙarfin gaske, masu tsaro kuma su taru su toshe bakinta. Nan ya tuno wani wasa da suke yi suna yara a Kanada, na jifan ƙaramin dutse da aka ɗora a kan babba, inda mai lanƙwasa jifansa sama ya fi mai jifa da ƙarfi dacewa. Sai ya yanke shawarar a ɗaga wurin cin sama da kawunan mutane, bakinsa yana kallon sama. Ta haka mai saiti da taushin hannu zai fi mai ƙarfi cin riba. Ku riƙe waɗannan tunani guda biyu, domin a kansu aka gina duk abin da zai biyo baya.

Ya nemi akwatuna biyu wurin mai kula da ginin, ba a samu ba, aka kawo masa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Ya kafe su a jikin barandar zauren, ɗaya a kowane ƙarshe. Tsayin barandar ƙafa 10 ne, wato mita 3.05, kuma har yau a wannan tsayi kwando yake a ko'ina a duniya. Ɗalibansa 18 ne, ya raba su tara-tara, ya ba su ƙwallon ƙafa, ya rubuta dokoki 13 waɗanda aka buga a jaridar makarantar a Janairun 1892. Da yake kwandon yana da gindi, duk sanda aka ci sai an hau tsani an ciro ƙwallo. Daga baya aka koma zoben ƙarfe da raga mai buɗaɗɗen ƙasa, amma sunan kwando ya bi wasan. Allon da ke bayan zoben shi ma larura ce ta kawo shi: 'yan kallo da ke zaune a baranda sukan miƙo hannu su kaɗe ƙwallo, aka sa allo ya shiga tsakani. Buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya, abin da 'yan wasa ke kira diribilin, babu shi a dokokin farko. 'Yan wasa ne suka gano dabarar: tun da an hana tafiya da ƙwallo a hannu, sai mutum ya sake ta ta bugi ƙasa ta dawo masa, kamar ya miƙa wa kansa.

Wasan ya bazu da sauri ta rassan YMCA. A 1892 wata malama, Senda Berenson, ta koya wa ɗalibanta mata a kwalejin Smith. A 1932 ƙasashe takwas suka kafa hukumar wasan ta duniya, FIBA, a ƙasar Suwizalan. A 1936 aka sa shi cikin gasar Olamfik a Jamus, Naismith yana raye yana kallo. An buga wasan ƙarshe a waje ana ruwan sama, ƙwallo ba ta ko tashi daga taɓo, Amurka ta ci Kanada 19 da 8. Gasar ƙwararru ta Amurka ta faro a 1946, ta ɗauki sunan NBA a 1949, mata kuma suka shiga Olamfik a 1976.

Nahiyarmu ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana saurayi. Ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma an san shi da riƙe azumin Ramadan yana buga wasa. A Fabrairun 1995, watan da ya dace da azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata na NBA. Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya koyi wasan, kuma Pascal Siakam ɗan Kamaru yana cikin 'yan wasan da suka ci masa kofin. Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta sha lashe gasar Nijeriya. Mazan Nijeriya, D'Tigers, sun ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015. Matan, D'Tigress, sun fi su nisa: sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik ta 2024 a Faransa suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Ga 'yan uwa mata da ke wannan aji akwai ƙarin bayani mai muhimmanci: tun 2017 FIBA ta amince a buga wasa da ɗankwali ko hijabi a gasanninta.

Fili da lokaci

Filin FIBA tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15. Ku lissafa da kanku: murabba'in mita 420 ke nan, kuma filin ƙwallon ƙafa mai mita 105 da 68 zai ɗauki irinsa 17. Wannan kaɗai ya isa ya sa unguwannin da gine-gine suka cinye musu filaye su dubi wasan da idon basira. Kowace ƙungiya tana da mutum biyar a fili, har goma sha biyu a takarda, kuma ana canji ba iyaka. Wanda aka fitar ya huta yana iya dawowa. Ana yin zango huɗu na minti goma-goma, NBA kuwa sha biyu-sha biyu, da hutun minti 15 a tsakiya. Duk sanda aka busa usur agogo yana tsayawa. Babu canjaras: idan maki ya zo ɗaya sai a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har a sami gwani.

Jifan da ya shiga daga cikin babban layin nan mai kama da baka maki biyu ne. Wanda aka jefa daga bayansa, nisan mita 6.75 daga kwando, maki uku ne. Sai jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi, daga kai sai kwando ba mai tare ka, kowanne maki ɗaya. Wani bambanci da ke kama masu zuwa daga ƙwallon ƙafa shi ne layin gefe. A can sai ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗaya ta fita. A nan layin kansa waje ne, ko ɗan yatsan ƙafar mai riƙe da ƙwallo ya taɓa shi, ta fita.

Dokar daƙiƙa 24 tana da labari. A da, ƙungiyar da ke gaba da maki sai ta riƙe ƙwallo tana ta miƙe-miƙe har lokaci ya ƙare. A Nuwambar 1950 aka buga wani wasan NBA tsakanin Fort Wayne da Minneapolis aka tashi 19 da 18, 'yan kallo suna ihun takaici. Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse, yana cikin waɗanda suka kawo maganin. Aka duba aka ga wasa mai daɗi yakan sami jifa kamar 120, ƙungiyoyin biyu a haɗe. Minti 48 daƙiƙa 2,880 ne, a raba da 120, ya ba da 24. Tun 1954 ya zama doka a NBA, FIBA ma yanzu a kan 24 take: ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo dole ta yi jifan da zai shiga ko ya taɓa zobe kafin daƙiƙa 24 su cika. Akwai ƙannen wannan doka. Daƙiƙa takwas ake ba ku ku tsallako da ƙwallo daga rabin filinku, kuma in kun tsallako ba komawa da ita baya. Daƙiƙa biyar ake ba mai jefo ƙwallo daga waje. Sannan mai kai hari ba zai wuce daƙiƙa uku a cikin akwatin da aka zana a ƙarƙashin kwando ba. Don dogaye aka yi wannan ta ƙarshe, kada dogo ya kafa sansani a gindin kwando ana miƙo masa yana zurawa. Don su ne kuma aka hana taɓa ƙwallo idan ta riga ta juyo ƙasa tana nufin zobe. Ashe masu dokar sun daɗe suna kare gajere. Muggsy Bogues tsayinsa mita 1.60 ne, ya yi kaka 14 yana wasa a NBA.

Laifin ƙwallo da laifin jiki

Usur iri biyu ne, kuma wanda ya bambance su ya fahimci rabin wasan. Na farko laifin da mutum ya yi tsakaninsa da ƙwallo, hukuncinsa kawai a ba abokan karawa su jefo daga gefe. Babbansu shi ne tafiya da ƙwallo, wato abin da Naismith ya fara tunanin hanawa. Wanda ya kama ƙwallo yana cikin gudu taku biyu aka yarje masa, kafin na uku dole ta bar hannunsa. Wanda ya kama ta yana tsaye, ƙafa ɗaya za ta zama masa turke. Yana iya juyawa gabas da yamma da ɗaya ƙafar yadda ya so, kamar dabbar da ke zagaya turkenta, amma idan ya ja turken, ko ya ɗaga shi ya mayar ƙasa ƙwallo tana hannunsa, ya yi tafiya. Haka nan wanda ya buga ƙwallo a ƙasa sannan ya kama ta da hannu biyu, ya gama. Ba shi da damar sake bugawa, sai dai ya miƙa ko ya jefa. Sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙwallo a juya ta ana cikin bugawa shi ma laifi ne, haka shurin ta da ƙafa da gangan.

Na biyu laifin jiki ne: turawa, riƙo, dukan hannu, sa ƙafa, tare hanya da kafaɗa ko ƙugu. Wannan rubuta shi ake yi da sunan mai shi. Wanda ya tara biyar ya fita daga wasan ke nan, a NBA shida. Idan an yi wa mutum laifi yana cikin jifa bai ci ba, za a ba shi jifa biyu daga kai sai kwando, ko uku in daga bayan layin maki uku yake. In kuwa ta shiga duk da laifin, makinsa yana nan, a ƙara masa jifa ɗaya. Ƙungiyar da ta tara laifi huɗu a zango guda, daga na biyar duk laifin da ta yi wajen tsaro jifa biyu ne. Akwai kuma laifin rashin ɗa'a, kamar yi wa alƙali gardama ko zagin abokin karawa, wanda ake hukuntawa ko ba a taɓa kowa ba.

Kada a ɗauka mai tsaro ne kullum mai laifi. Ƙa'idar ita ce kowa yana da haƙƙin wurin da ya riga kowa tsayawa, daga ƙasa har sama. Idan mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu yana fuskantar mai ƙwallo, shi kuma ya zo ya banke shi a ƙirji, mai ƙwallon ne da laifi. A ganina babu dokar da ta fi wannan adalci a wasan, domin ita ce ke ba mai ƙaramin jiki damar tsayawa gaban ƙato, alƙali kuma ya goya masa baya.

Hannu da ƙafa

Gemu ba ya hana ilimi, a fili ma haka yake. Abin da babba yake buƙata shi ne ya fara da tsayuwa. A buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a ɗan durƙusa, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, baya a miƙe, kai a ɗage. Daga wannan tsayuwa ake yin komai. Mai riƙe da ƙwallo a gefen ƙugunsa cikin wannan tsayuwa yana iya jifa, yana iya miƙawa, yana iya wucewa, mai tsaronsa bai san wanne zai yi ba. Olajuwon da kansa ya sha danganta iya takunsa da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro, don haka wanda ya taɓa murza leda a cikinku ya zo da jarinsa.

Wajen buga ƙwallo a ƙasa, kuskuren kowane sabon shiga shi ne marin ta da tafin hannu. Da cikin yatsu ake tura ta, wuyan hannu ne ke aikin, kada ta wuce ƙugu, in mai tsaro ya matso a sauke ta zuwa gwiwa a sa jiki tsakaninsa da ita. Ido kuwa ba ya kan ƙwallo. Mai kallon ƙwallo ba zai ga ɗan uwansa da ya ɓalle ba kowa a kansa ba, ba zai ga mai zuwa ƙwace ba. Mace mai tuƙa tuwo tana hira ba ta duban muciya, haka ake so hannu ya saba. Sannan a ba hannun da ba a saba da shi ba haƙƙinsa. Mai hannu ɗaya sauƙin tsarewa gare shi, a toshe masa dama kawai an gama da shi.

Miƙa ƙwallo, fasin a bakin 'yan wasa, shi ne abin da aka gina wasan a kansa tun ranar farko, kuma shi ne abin da matasa suka fi rainawa. Ƙwallon da aka jefa ta fi kowane mai gudu sauri. Na ƙirji shi ne tushe: a riƙe da hannu biyu a gaban ƙirji, a taka ƙafa ɗaya gaba, a tura har hannaye su miƙe, manyan yatsu su ƙare suna kallon ƙasa, a nufi ƙirjin ɗan uwa. Idan akwai mai tsaro a tsakani ya ɗaga hannuwa, sai a bi ta ƙasa: a buga ta a wajen kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakani, ta tashi ta same shi a ƙugu. Na saman kai kuma don nesa ne ko tsallake gajere. Mai karɓa shi ma yana da aiki. Ya nuna tafukansa, ya tako ya tarye ta, kada ya tsaya jira ta iso, domin a wannan jiran ake sace ta. Wanda ya miƙa kuma kada ya tsaya kallo, ya ruga wajen kwando ko a mayar masa. Wannan ba-ni-in-ba-ka ita ce dabara mafi tsufa a wasan, kuma har yau tana ci.

Jifa shi ne inda ya kamata ku fi daɗewa. Faɗin bakin zobe santimita 45 ne, ƙwallon maza kuma kimanin 24, saura kaɗan biyu su shiga tare. Amma wannan faɗin sai ƙwallon da ta sauko daga sama take samunsa. Wadda aka harba a miƙe, bakin zoben a tsuke take ganinsa, sai ta bugi ƙarfe ta dawo. Ku gwada da bokiti da dutse a tsakar gida za ku gani. Saboda haka ga yadda ake yi. Ƙafafu su fuskanci kwando, ta gefen hannun jifa ta ɗan fi gaba. Ƙwallo ta zauna a kan yatsun hannun jifa, gwiwar hannu a ƙarƙashinta, kada ta buɗe gefe kamar fiffike. Ɗaya hannun yana gefe yana tallafe kawai, ba ya turawa. Ƙarfin daga gwiwoyin ƙafa yake tasowa, ya bi jiki ya fita ta yatsu cikin motsi ɗaya. A ƙarshe wuyan hannu ya karye gaba, yatsu su rataya kamar mai zura hannu cikin tulun da ke kan rumfa, a bar hannun a haka har ƙwallo ta sauka. Wannan karyawa ita ke sa ƙwallo ta riƙa juyawa baya, in ta taɓa zobe sai ta yi laushi ta faɗa ciki. Ku fara daga taku biyu gaban kwando da hannu ɗaya. Ina roƙonku kada ku yi gaggawar zuwa layin maki uku. Wanda ya fara daga nesa ƙarfinsa bai kai ba, wurgi zai koya da kafaɗa, kuma gyara wannan ya fi koyon farko wuya.

Jifan gindin kwando shi ne mafi sauƙin ci. Mai zuwa ta dama ya kama ƙwallo, ya taka dama, ya taka hagu, ya tashi a kan hagun yana ɗaga gwiwar dama, ya ajiye ƙwallo a hankali a kusurwar sama ta ɗan murabba'in da aka zana a allo, allon zai mayar da ita ciki. Ta hagu kuma a juya komai.

Ko a wurin ƙwararru kusan rabin jifa ba ya shiga, don haka cafe ƙwallon da ta dawo daga zobe babban aiki ne. Da zarar an yi jifa, kafin ka dubi ƙwallo nemi mutuminka, ka juya masa baya, ka durƙusa ka buɗe hannuwa ya zama yana bayanka, sannan ka yi tsalle ka kama da hannu biyu. Gajeren da ya iya wannan yakan riga dogon da ya tsaya jira. Tsaro kuwa da ƙafa ake yin sa. Ka tsaya tsakanin mutuminka da kwando, tazarar hannu guda, ka riƙa ja da ƙafa gefe ba tare da harɗe su ba. Ka dubi cikinsa, domin ido da kafaɗa da ƙwallo duk suna yaudara, amma inda cibiya ta nufa nan mutum za shi. Yawan kai hannu don ƙwace shi ke tara wa mutum laifi biyar tun wasa bai yi nisa ba. Kuma a riƙa magana, wanda ke baya ya gaya wa na gaba abin da ke zuwa masa.

Kafin ku shiga fili

Yawancin filayenmu siminti ne, ba ya yafe wa gwiwa da idon sawu. A sa takalmi mai kama ƙasa wanda ya riƙe idon sawu, ban da silifa. A share ƙura kafin a fara, musamman da hunturu, domin ita ke kawo santsi. A ɗumama jiki minti goma, a yi wasa da safe ko bayan la'asar, a ajiye ruwa kusa. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ya daɗe bai motsa jiki ba, ya fara jin shawarar likita.

Rashin cikakken fili ba uzuri ba ne. Akwai wasan uku da uku a kwando ɗaya da rabin fili, wanda aka fara bugawa a Olamfik ta Tokyo a 2021: minti goma ake yi, ko wanda ya riga kai maki 21. Mutum shida da zobe ɗaya sun isa.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya amsa waɗannan a littafinsa da kalmominsa: me ya sa Naismith ya hana gudu da ƙwallo, kuma me ya sa ya ɗaga kwando sama? Yaya aka samo lissafin daƙiƙa 24? Mene ne bambancin hukuncin tafiya da ƙwallo da na tura abokin karawa? Sannan ku haɗu bibbiyu, ku nemi ƙwallo ko ta aro ce, kowace rana ku buga ta a ƙasa sau 50 da dama, sau 50 da hagu, ido yana kan abokin aiki, ku yi fasin ƙirji 30 da na ƙasa 30. Ranar darasi na gaba ku zo da takalmanku, a fili za mu yi shi.